Na zaga Bagadaza da hannun gem, amma har yau ban ga zangonmu ba

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Nima ko Mamobi ko Aboabo ya san abin da ake yi a ciki. Yara biyu a kan benci, kowa da hannun gem, ƙwallo ake bugawa a talabijin, wasu biyar na tsaye a bayansu suna jiran a ci wani su karɓa. In ba ƙwallo ba, to dambe ne, Mortal Kombat ko wani ɗan uwansa. Wasa ne na minti goma: ka biya, ka ci ko a ci ka, ka tashi. Shi ya sa da an ce “gem” a zango, abin da ke zuwa ran iyayenmu shi ne hayaniya da musu da kuɗin koko da ya tafi a banza.

Akwai wani nau’in wasan da ba kasafai ake ganinsa a gidan gem ba, domin bai dace da tsarin biya ka tashi ba. Shi ne wasan kasada, inda ake ba ka mutum ɗaya da labari ɗaya, a ce ka kai shi ƙarshen tafiyarsa. Wani yakan ci awa goma, wani ya haura hamsin, sai ka riƙa yin sebin kana dawowa kamar mai karanta littafi yana saka tsinke a inda ya tsaya. Na daɗe ina buga irinsu, tun zamanin PlayStation 2 da ɗan memorinta mai megabait 8. Abin da na tara a kansu shi ne: sun fi fim iya tafiya da mutum, kuma sun sha kai ni ƙasashen Musulmi da na Afirka, amma kusan kullum a matsayin baƙon da ya zo ɗibar kayan mutane nake shiga. Wannan shi ya fi tsaya mini a rai.

Asalin abin daga kogo ne

Wasan da ya ba wa wannan nau’i suna ba shi da hoto ko ɗaya. A 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, wanda yake da sha’awar shiga koguna, ya rubuta Colossal Cave Adventure, ya kwaikwayi wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Kwamfuta ta rubuto maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata umarni da kalma ɗaya ko biyu: tafi arewa, ɗauki fitila. Shi ke nan. Amma duk abin da ake yi yau yana cikin wannan ɗan wasa: wurin da ba ka sani ba, ƙofa a kulle, makulli a wani lungu, da kai da hankalinka.

Daga baya hoto ya shigo. A 1989 Jordan Mechner ya fitar da Prince of Persia. Ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu da tsalle, ya bi hotunan yana zanawa, shi ya sa motsin yariman ya yi kama da na mutum na gaske. An ba ka minti 60 ka fito daga kurkuku ka ceci ’yar sarki daga hannun mugun waziri. Ka lura, tun daga nan fadar Gabas da rawani da takobi suka zama kayan adon wasan kasada. Yau kuma abin ya haɗe da faɗa da hawan gini da tuƙi, amma ƙashin bayansa bai canja ba.

Daɗin yana cikin maƙalewa

Wanda bai taɓa bugawa ba yakan ɗauka daɗin yana wajen harbi da sara. Ni dai a wurina daɗin yana wajen maƙalewa. Ka shiga wani ɗaki a Prince of Persia: The Sands of Time na 2003, ƙofa tana can sama, babu matakala, sai ginshiƙai da sanduna a jikin bango. Ka tsaya kana kallo kamar mai duba hanya a kasuwar Kejetia. Can sai ka gano cewa in ka yi gudu a jikin bangon nan, ka kama waccan sanda, ka yi lilo sau biyu, za ka dira kan ginshiƙin da ke kusa da ƙofar. Lokacin da ƙafarka ta taka wurin, wallahi wani sanyi kake ji a ƙirji, irin na ɗalibin da lissafi ya buɗe masa bayan ya sha wuya.

Wasan nan yana da wata dabara da nake so. Yariman yana riƙe da wuƙa mai mayar da lokaci baya na ’yan daƙiƙoƙi, in ka faɗa rami sai ka janyo kanka. Kuma duk tafiyar labari ne yake ba wa wata, don haka in ka mutu sai ka ji muryarsa yana cewa a’a, ba haka aka yi ba, bari ya sake. Tamkar tsohuwa mai tatsuniya ce ta gyara zance. Ba a hukunta ka don ka faɗi, ana dai so ka sake gwadawa da wata dabara.

Wani abin da fim ba zai iya ba shi ne ya sa ka gaji tare da jarumi. A Uncharted 3 na 2011, Nathan Drake ya faɗo daga jirgin sama a tsakiyar hamadar Rub’ul Khali ta ƙasar Larabawa. Daga nan aka ɗauke harbi, aka ɗauke maƙiya, sai rairayi iya ganinka. Kai ne kake tura shi gaba, yana tangaɗi, ya iske rijiya a bushe, ya hango ruwa ashe kawalwalniya ce, dare ya yi, gari ya waye, ya sake dawowa rijiyar da ya bari. Minti kaɗan ne, amma na tashi na sha ruwa bayan na gama. Wanda ya taɓa azumi a watan zafi a Tamale zai gane abin da nake nufi.

Mu a nan muna da ƙarin kasada da masu ƙera wasan ba su saka ba: dumso. A shekarun da wuta ta fi wahala, musamman 2015, duk mai PlayStation ya koyi darasin da ba a rubuta a kwali ba, wato kada ka wuce wurin sebin ba ka yi ba. Wuta na ɗaukewa, aikin awa guda ya bi iska.

Ranar da wasa ya kawo ni Gana

A Tomb Raider: Legend na 2006 akwai mataki guda sukutum da aka ce a Gana ne. Da na ga sunan ƙasar a allo na gyara zama. Lara Croft, ’yar wani attajirin Ingila, ta tsaya a kan dutse, ga wani ƙaton ruwa yana zubowa, ta yi tsalle ta nitse, ta buɗe hanyar wani tsohon haikali da ke ɓoye a bayan ruwan. Wurin ya yi kyau, tarkunan cikinsa sun ba ni wuya yadda nake so. Amma har na gama matakin ban haɗu da ɗan Gana ɗaya da ya yi mini magana ba. Sojojin haya ne na wani Ba’amurke mai suna Rutland, sai damisa, sai Lara. Ba kasuwa, ba ƙauye, ba mai gadin wurin. Sunan ƙasar kawai aka ara.

Abin ya fi ciwo idan ka san tarihin garin da yawancinmu muke zaune. A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi, suka kwashe kayan zinariya daga fadar Asantehene Kofi Karikari, suka rusa fadar, suka cinna wa garin wuta. Sai a 2024, bayan shekara 150, gidajen tarihi biyu na Landan suka kawo guda 32 daga cikin kayan masarautar zuwa gidan tarihin fadar Manhyia, shi ma aro ne na shekara uku, ba mayarwa ba. To ka ga, “mai farautar dukiyar da” da wasa ke yi wa kirari, mu mun san shi da wani suna.

Haka labarin yake a Uncharted 3 ɗin da na yaba. Abin da Drake ke nema shi ne Iram mai ginshiƙai, garin da Alƙur’ani ya ambata a Suratul Fajr. A wurinmu wannan suna wa’azi ne a kan mutanen da suka yi girman kai aka hallaka su. A wasan kuwa taska ce da za a yi tsere a kanta. An bi ta Siriya da Yaman, an yi ta gudu a kan rufin gidajen mutane ana kifar da kayan ’yan kasuwa. Balarabe ɗaya mai mutunci da na riƙe shi ne Salim, shugaban makiyayan da suka ceci Drake, shi ma aikinsa ya kai baƙo inda za shi. A ƙarshe garin ya nutse cikin rairayi, kamar yadda kusan kowane tsohon gari ke rushewa da zarar waɗannan jarumai sun taka shi. Na ji daɗin wasan, ba zan ɓoye ba. Amma jin daɗi bai hana ni ganin inda aka ajiye irina ba.

Bagadaza ta bambanta

Assassin’s Creed Mirage, wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a watan Oktoban 2023, shi ne ya fara ba ni wani ɗanɗano daban. Labarin ya fara a shekarar 861, zamanin daular Abbasiyawa, shekarar da aka kashe Halifa Mutawakkil. Jarumin, Basim, ɗan ƙasa ne, ɓarawon kasuwa ne da ya tashi a Anbar kafin ya koma Bagadaza. Kana iya sa wasan gaba ɗaya ya yi magana da Larabci, kuma haka na buga shi. Wanda ya yi makarantar allo da Islamiyya zai riƙa tsintar kalmomi yana murmushi.

Zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762 babu shi yau, kuma Mongol sun ragargaza Bagadaza a 1258. Masu wasan sun sake gina ta ne daga bayanan marubutan da, da gine-ginen zamanin da suka rage a wurare irin su Samarra. Na shafe awoyi ban taɓa kowa ba, ina yawo kawai: kasuwar Karkh, rinin tufafi, masu sayar da turare, jiragen ruwa a kan Dijla, da Baitul Hikma inda ake fassara littattafai. Za ka haɗu da Jahiz marubuci, da ’ya’yan Musa ’yan uwa uku masu ƙere-ƙere. Akwai kuma wani kundi a cikin wasan mai bayani 66 a kan tarihin birnin, kasuwanci da ilimi da zaman yau da kullum. Ana cikin tafiya kuma sai kiran salla ya tashi daga nesa. Karon farko da na ji shi na ajiye hannun gem na saurara har ya ƙare.

Kada in yi wa kowa rufa-rufa. Wasa ne na kisa, sunansa ma ya faɗa. Ƙungiyar asirin da Basim ya shiga ƙirƙira ce, kuma can ƙasan labarin akwai tatsuniyar wasu halittun da suka riga ɗan Adam, wadda ba ta da alaƙa da aƙidarmu. Hawa hasumiyar masallaci da takalmi ka diro cikin tulin ciyawa ma ba kowa zai ji daɗin gani ba. Duk da haka, a nan na fara ganin Musulmi a wasa suna ciniki, suna karatu, suna gardamar ilimi, ba ihu da bindiga ba kamar yadda aka saba nuna mu a wasannin yaƙi. Da ɗan gari ya zama jarumi, garin ma sai ya zama na mutane.

Sun san muna kallo

Kamfanonin nan sun daɗe da sanin cewa akwai Musulmi a cikin masu sayen kayansu, wani lokaci ta hanya mai tsada suka koya. A The Legend of Zelda: Ocarina of Time na 1998, kiɗan wani haikalin wuta yana ɗauke da wata murya mai kama da addu’ar Musulmi. Nintendo ta cire ta a bugun da suka biyo baya, ta kuma canja alamar wata da tauraro da ke jikin wasu kayan wasan. A watan Oktoban 2008 Sony ta ɗage fitowar LittleBigPlanet, ta janye fayafayan da ta riga ta raba wa shaguna, bayan an lura cewa wata waƙar marigayi Toumani Diabaté na Mali da ke ciki tana da kalmomi daga Alƙur’ani. Wannan ladabi ne, an gode. Amma a kiyaye kada a ɓata maka rai daban, a ba ka wurin zama a cikin labari daban.

Magana ga iyaye

Baba da Mma, ba duk gem ne ɗaya ba, kuma akwai hanya mai sauƙi ta ganewa. A jikin kwalin kowane wasa na asali akwai lamba: na Turai 3, 7, 12, 16 ko 18, na Amurka kuma harafi, inda M ke nufin sai mai shekara 17 zuwa sama. Mirage na ’yan 18 ne. God of War, wanda yara da yawa suka buga a zango, na manya ne, cike yake da jini da tsiraici da gumakan Girkawa. In yaro ya sauke wasa ta intanet babu kwali, a tambaye shi sunan a duba, minti ɗaya ya isa.

Batun salla kuma, a nan wasan kasada ya fi na ƙwallo da na harbi da ake bugawa da mutane ta intanet sauƙi. Kai kaɗai kake bugawa, maɓalli ɗaya ke tsayar da komai, ka je ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Duk yaron da ya ce ba a iya tsayar da irin wannan wasa, wayo yake yi. Inda haɗarin yake shi ne an gina su ne don su riƙa jan ka: ga wani haske can a kan tudu, bari in duba, ga wata ƙofa, bari in buɗe. “Bari in kai wurin sebin na gaba” ita ce maganar da ke cinye La’asar. Maganinta a yanke lokaci kafin a kunna, a kuma bar na’urar a falo inda kowa ke gani. In da hali ma, uba ya zauna ya kalli rabin awa. Zai san abin da ke shiga kan ɗansa fiye da yadda faɗa zai sanar da shi.

Namu labarin fa?

Wasu ’yan Afirka sun daina jira. A Yawunde ta Kamaru, kamfanin Kiro’o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion: Legacy of the Kori-Odan a 2016, duk da yankewar wuta da ta riƙa kawo musu cikas. Labarin yarima Enzo ne da amaryarsa Erine, waɗanda ɗan uwan amaryar ya ƙwace wa sarauta ranar bikinsu. Zanen hannu ne, bai kai manyan wasanni ƙyalli ba, amma tufafin da sunayen da yadda ake girmama kakanni duk sun yi kama da gida. A Akra akwai Leti Arts na Eyram Tawia, da ke ɗauko jarumai daga tatsuniyoyi irin na Ananse. A 2024 kuma Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya, wanda ya yi muryar Bayek a Assassin’s Creed Origins, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, labarin yaron da ke neman dawo da mahaifinsa daga mutuwa. Don tunawa da nasa mahaifin ya yi shi, kuma kana jin hakan a cikin wasan.

Mu Hausawan zango kuwa, labarin kasadarmu yana cikin sunan unguwarmu. Zango wurin da ayari ke sauka ne ya huta kafin ya ci gaba, wato ainihin wurin sebin. Kakanninmu fatake sun riƙa tasowa daga Kano da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanne Mango da Yandi har Salaga, kasuwar goron Gwanja. Tafiyar watanni ce. Ayarin yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai gaba, da uban dawaki, da malami mai duba ranar tashi da rubuta wasiƙu. A hanya akwai ’yan fashi, akwai sarakunan da sai an biya su kuɗin wucewa, akwai kogin da ya cika. A dawowa kuma ga goro, kaya mai rai: sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana yayyafa ruwa, ana kwancewa ana tsince wanda ya lalace, in ba haka ba ka isa Kano da asara. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934. Zangunan da muke ciki yau da yawansu daga nan suka cika.

Duk mai buga gem da ya karanta wannan ya riga ya ga taswira, ya ga matakai, ya ga abin da za a yi asara in an yi sakaci. Jarumin ba ya sace kayan kowa, nasa yake karewa, kuma nasararsa ita ce ya kai mutanensa gida lafiya. Kayan aikin ma ba su da nisa: manhajar Godot kyauta ce, Unity da Unreal ana iya fara koyo da su ba tare da biya ba, kuma ƙaramin wasa na waya bai buƙatar ɗaruruwan ma’aikata. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne sunayen zanguna da yadda madugu ke sasantawa da sarkin gari. Wannan yana bakin tsofaffinmu da ke zaune a ƙofar masallaci bayan Magariba, kuma kullum raguwa suke yi.